Dutsen Bakin Rijiya

Talata, 4 ga Rajab, da hantsi

Na dawo daga kwata. Na yi kiran layi yadda na saba, mahauci da ubansa da kakansa, kowa ya amsa ya ja dabbarsa zuwa dutsensa. Da na iso dutsen bakin rijiya na ce, "Na gidana!" Bilya ya amsa daga nasa dutsen, "Yana hanya." Haka ake amsa wa matafiyi.

Dutsen na yayan Bilya ne, ɗana na fari. Shi ya sa ba na kiran suna. Tun ranar da na raɗa masa shi a kunne bai sake fita daga bakina ba, ba kuwa zai fita ta alƙalamina ba. Ya tafi Poli sayen shanu tun kafin watan nan ya tsaya. Motar ta dawo, shi bai dawo ba. Waɗansu mutane sun kira wayar Bilya. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Sarkin Fawa Zaharaddin ya tare ni a bakin ƙofar kwata. Wai likitar dabbobi, Madam Angélique, tana so layin yanka ya riƙa zuwa mata a waya kafin ta fito da hatiminta. Wai kirana za a zuba cikin kwamfuta, kuma tun da jikokina biyu suna gida, karatunsu ke nan, su za su yi. Na ce, "Sarki, muryata ce ta dishe?" Ya ce, "Haba Baba Mahamman, zamani ne." Sannan ya kalli takalminsa ya ce, "Batun dutse kuma, kai ka koya mana doka."

Na sani. Dutse ba ya yin wata cur bai sha jini ba. In watan Sha'aban ya tsaya mai shi bai zo ba, a ba wani, a cire shi daga kira. Ɗan'uwa ba ya aron dutse. Ɗa kuma ba ya hawa dutsen uba mai rai.

Tir da bakin da ya tuna mini.

Laraba, 5 ga Rajab, bayan la'asar

Mahfuzu ya baro aikinsa a Duwala, Nasiha ta baro makaranta a Gaundare, duka saboda ubansu. To tun da suka zo ban ji sun ambace shi ba. Suna gindin dalbejiya kowa da kwamfutarsa a cinya, suna musu kamar zakaru. Ashe abar nan ma harsuna gare ta, kamar kasuwar Garwa. Na Mahfuzu wai Se. Na Nasiha wai Haskel. Ni da ban taka ƙofar lakwal ta boko ba, ajamin nan ma a shagon wani ɗan Bici na tsince shi, an ce in zauna in bayyana musu layi.

Na ce, "Kai abokin faɗa, naka yaya yake?"

Ya ce, "Tsoho, nawa umarni ne. Kamar kai da mutanen kwata. Kayar, ɗaure, yanka, feɗe, ɗaya bayan ɗaya. Kowane dutse in ba shi akwati, a akwatin suna ɗaya. In mai shi ya canja, in goge in zuba sabo."

Na ce wannan ya san aiki.

Nasiha ta taɓe baki. Na ce, "To amarya, naki fa?"

Ta ce, "Angona, nawa ba ya yi wa kowa tsawa. Faɗi kawai yake yi, abu kaza shi ne kaza, sauran ya bar wa na'ura. Kuma ba ya goge komai. In ka canja abu, sabo yake haifar maka, tsohon yana nan yadda ka bar shi."

"In na ce ya yanka mini saniya?"

"Sai ya miƙo maka yankakkiya, mai ran kuma tana nan tsaye."

Na ce, "Wanda ya ƙago wannan bai taɓa kwana da yunwa ba." Mahfuzu ya yi dariya har da buga ƙafa. Daga cikin ɗaki uwarsu Mardiya ta saki labule.

Alhamis, 6 ga Rajab, da azahar

Waya ba ta yi kuka ba. Zafi kamar a bakin tukuba.

Asabar, 8 ga Rajab, da hantsi

Na ja Mahfuzu kwata ya ga layin da idonsa. Ya shigo da farin takalmi, yana tsallake magudanar jini kamar mai tsallake maciji, hankici a hanci. Da aka farke tumbi ya zagaya bayan katanga. Kowa ya ji abin da ya yi a can. Wani ya ce da Fillanci, ko baƙo ne daga Faransa? Aka bushe da dariya.

Jikan mahauta. Tattaɓa-kunnen wanda ya taso daga Kano ta Yola da wuƙa a ɗamara. Kaico.

Abin da ya fi ci mini rai, ita Nasiha tana 'yar mitsitsiya take bin ubanta tana wanke hanji a bakin rijiyar nan, tana waƙa. Ita ce yau mai harshen da ba ya yanka. Shi mai harshen wuƙa ga shi can yana goge baki. An yi musu musanya.

Na kira, Bilya ya ce yana hanya.

Litinin, 10 ga Rajab, bayan azahar

An gwada na Mahfuzu. Saƙo ya shiga wayoyi tun kafin in buɗe baki, sai ga mutum biyu a kan dutse ɗaya, kowa da bijiminsa, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa waya. Har an kai hannu ɗamara. Sai da na shiga tsakani da sandata.

Da na dawo na ce, "Me ka aikata?" Ya ce wai umarni biyu ya juya, na baya ya sa a gaba, akwatin ya karɓi suna kafin a zubar da na ciki. Na ce, "Wato ka feɗe kafin ka yanka." Ya ce, "Shi Se duk abin da ka ce shi zai yi, ba ya tambaya." Na ce na san irin wannan yaron gidan. Ka ce ya zuba gishiri a rijiya ya zuba, ya dawo yana jiran tukwici.

Nasiha ta ce a nata haka ba za ta faru ba, babu akwatin da hannu biyu za su shiga. Na ce to tayar da naki mu gani. Ta danna, fuskar kwamfuta ta cika da jan rubutu. Ta gyara ta danna, ja. Wai ba ya yarda ya tashi sai komai ya zauna a muhallinsa. Na ce mai waswasin alwala ke nan, a sallame salla yana nan yana wanke gwiwar hannu.

Ɗaya gaggawa, ɗaya waswasi. A kan waɗannan aka kashe shanun karatu.

Talata, 11 ga Rajab, da walaha

Yana hanya.

Alhamis, 13 ga Rajab, bayan la'asar

Waya ta yi kuka. Bilya ya fita da ita bayan gida ya daɗe. Da ya dawo bai kalle ni ba, ya hau babur ya nufi hayin Binuwai wajen garke. Ban tambaye shi ba. Ya dawo, igiyoyi a hannunsa ba dabbobi. Ban tambaya ba.

Mardiya ta aiko da tuwo. Miyar ba gishiri. Na cinye.

Asabar, 15 ga Rajab, da la'asar

Na Nasiha ya tashi a ƙarshe. Ta zo tana fara'a ta nuna mini. Na ce, "To ina layin gobe?" Ta ce bai lissafa ba tukuna, ba ya taɓa aiki sai an tambaye shi. Na ce malalaci ne ma. Ta ce ba lalaci ba ne, tattali ne, don me zai feɗe abin da ba a zo saye ba? Wannan kam ta same ni, amma ban nuna mata ba.

Ta ce kuma duk abin da zai taɓa waje, aika saƙo, karɓar amsa, ware shi ake yi gefe guda, kada ya ɓata sauran. Na ce wato har makewayi suka gina masa. Harshe mai ƙyama, kamar yayanki.

Mahfuzu ya ce, "Ka tambaye ta ko zai shiga tsohuwar wayar Sarki. Mai ajiye komai ai ɗaki yake ci." Ta ce, "Gara mai cin ɗaki da mai haɗa mutane faɗa." Suka sake kaurewa.

Ubansu yana inda yake, su suna nan suna wannan. Allah wadai. Amma na lura in sun yi shiru, ƙofa suke kallo. To su yi ta musun.

Litinin, 17 ga Rajab, da hantsi

Sarki ya zo gida da surukinsa, wani mai tumbi da bai taɓa riƙe dutse ba. Wai gaisuwa. Suka yi jaje, suka sha ruwa. Sannan Sarki ya ce wa Mahfuzu, tun da ana shiri, ya tanadi akwatin bakin rijiya, in wata ya tsaya sai a sa sunan wannan.

Mahfuzu ya ce, "Ranka ya daɗe, akwatin suna ɗaya yake ɗauka. Sai na goge na ciki."

Goge. A tsakar gidan mutumin, matarsa tana bayan labule.

Sarki ya ce, "Ko kuwa yaron ya hau, Baba, kowa ya huta?" Na ce, "Gawa ka kawo mini?" Ya ce a'a. Na ce, "To ɗauki surukinka." Suka tashi. Mai tumbin har da cewa Allah ya bayyana. Na ce amin, ya bayyana har da abin da ke cikin zukata.

Ban yi wa Mahfuzu magana ba yau. Ba laifinsa ba ne. Amma harshen nan nasa, da na ce ya san aiki, ban ce ina son sa ba.

Talata, 18 ga Rajab, bayan azahar

Na jira Mahfuzu ya fita, na kira Nasiha. Na ce, "Ba wai na yarda da shirmenki ba ne. Nuna mini."

Ta gane. Ta buɗe ta ɗora yatsa a kan wani rubutun boko ta ce, "Ga Baba." Harafin farko kamar bukka ce da aka gitta wa itace a tsakiya. Na kalle shi sosai don in gane shi gobe.

Na ce, "In an sa mai tumbi?"

Ta ce, "Sabon layi zai fito da shi. Wannan yana nan. A wurina layi shi ne mutumin gaba da sauran da yake riƙe da su a baya. In sabo ya zo ba a taɓa na baya, a gaba ake ɗaura shi."

Na ce, "Wane na wane na wane. Wannan ai kirana ne. Sata suka yi!" Ta yi dariya, hawaye na zuba. Na ce ta je ta wanke fuska, amarya ba ta kuka a gaban ango.

Laraba, 19 ga Rajab, da la'asar

Na sake cewa ta nuna mini. Bukkar tana nan.

Alhamis, 20 ga Rajab, da la'asar

Tana nan. Waya ba ta yi kuka ba.

Juma'a, 21 ga Rajab, bayan saukowa daga masallaci

Mahfuzu ya same mu muna kallon bukkar. Ya tsaya a kanmu, jijiyar wuyansa ta tashi irin ta ubansa.

Ya ce, "Ki daina yaudarar tsoho. Baba ba ya cikin kwamfutarki."

Ta ce, "Yana cikin taka ne? Naka ai kabari ne, a tone a zuba wani."

Ya ce, "Faɗa masa maganar mai shara. Faɗa masa mana!"

Na ce, "Wace mai shara?" Da ƙyar ta ce, gaskiya ne harshenta ba ya gogewa, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da ke zagayawa. Duk abin da ya ga babu wanda ke riƙe da shi, babu wanda ke nuna shi, sai ya kwashe, don wuri ya samu.

Na ce, "Ba ya sallama?" Ta ce ba ya yi.

Na ce wa Mahfuzu, "Naka fa?" Ya ce a nasa babu mai shara, kai za ka share da hannunka, in ka manta shirgi ya taru har na'ura ta shaƙe.

To na gane su yanzu. Ɗaya ya ba ka tsintsiya ya ce share ɗanka. Ɗaya ya yi maka murmushi ya jira ka juya baya. Tir da su duka biyun. Tir da ni da na zauna kwana da kwanaki ina gaida bukka.

Mardiya ta ɗaga labule. Tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin ta ɗaga murya a gabana ba. Ta ce, "Don girman Allah ku yi mini shiru, ko zan ji in an taɓa ƙofa."

Lahadi, 23 ga Rajab, da walaha

Waya ta yi kuka da asuba. Bilya ya ɗaura jaka a ƙarƙashin riga ya kama hanyar Poli. Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce, "Baba, wa zai amsa maka?" Na ce tafi abinka.

Litinin, 24 ga Rajab, da hantsi

Na ce, "Na gidana!" Shiru. Na ce, "Yana hanya." Ni na kira, ni na amsa. Wani ya fara dariya, wani ya zungure shi.

Dutsen ya bushe har ya yi fari. Akuyar wani na kwance a kai. Na jefe ta da dutse, na kuskure.

Talata, 25 ga Rajab, bayan la'asar

Jikoki ba sa magana da juna. Gidan ya yi tsit, ashe musun ya fi. Na ce wa Mahfuzu, "Kai, ba ka ce nata ba ya shiga waya ba? Ci gaba mana." Ya ce, "Tsoho, bar shi." Na ce wa Nasiha naki malalaci ne. Ta ce, "Haka ne."

Ba ta ce angona ba.

Laraba, 26 ga Rajab, da azahar

Ni na kira, ni na amsa.

Alhamis, 27 ga Rajab, da la'asar

Bilya ya dawo. Shi kaɗai.

Ya shigo da sandar kora ta yayansa, mai ɗaurin jar fata a kai. Ya durƙusa ya ajiye ta a gabana. Ya faɗi abin da ya faɗa. Mutanen ƙauyen sun yi abin da ya wajaba tun kafin ya isa, Allah ya saka musu.

Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 28 ga Rajab

An shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Unguwar Jambutu duka ta zo. Mardiya ta cire 'yan kunne.

Mai tumbi ma ya zo. Ya fi kowa tsawon addu'a.

Asabar, 29 ga Rajab, bayan magariba

An ga wata. Siriri, a kan dalbejiya. Ban neme shi ba, shi ya shigo mini ido.

Sarki ya matso kusa da ni a tabarma ya ce, saboda abin da ya faru ana iya ɗaga doka zuwa wani watan. Na ce, "Dokar da na yi wa marayun wasu ba zan lanƙwasa wa nawa ba. Gobe dutse zai sha, ko a hannun wa." Ya ce taurin kaina zai kashe ni. Na ce ya makara, ba shi ya fara ba.

Da mutane suka watse na tarar da su biyun a gindin dalbejiya, kwamfuta ɗaya a tsakaninsu, ta Mahfuzu. Akwatin bakin rijiya a buɗe, bukkar a ciki. Yatsansa na kan madanni ya kasa dannawa. Nasiha ta ce, "Kada ka goge. Faɗaɗa akwatin, ka ɗaura a gaba." Ya ce, "Wannan ai naki ne." Ta ce, "Na tsoho ne. Mu ma sata muka yi."

Na wuce kamar ban ji ba. Har na kai ƙofar ɗaki ya biyo ni.

Ya ce, "Tsoho."

"Mene?"

"Ta ina ake kama ƙaho?"

Na dube shi, na dubi farin takalmin. Na ce, "In za ka yi amai, ka yi bayan ka gama, ba kafin ba." Na ɗauko wuƙar ubansa daga saman bango na ba shi ya wasa. Ko wasawar bai iya ba.

Lahadi, 1 ga Sha'aban, da hantsi

Saƙo ya riga ni shiga wayoyi. Madam Angélique ta zo da hatiminta ta tsaya gefe, ta cire tabarau ta gaishe ni. Babu wanda ya ja dabbarsa. Duk suna tsaye suna jirana.

Na fara daga dutsen gabas. Kowa ya amsa. Da na iso bakin rijiya bakina ya tafi inda ya saba, na kusa cewa na gidana. Amma mai sabon dutse ba a kiransa haka. Sai da ubansa, sai da kakansa, kowa ya ji, in ba haka ba bai hau ba.

Na ce, "Mahfuzu!"

Na ce, "Na..."

Sai na tsaya. Kwata duka sun san ban taɓa furta sunan nan ba. Bilya ya buɗe baki zai cike mini, na ɗaga masa sanda. Abin da ba a riƙe ba, mai shara ke kwashewa. Yarinyar ta faɗa.

Na ce, "Na Abdussalam! Na Mahamman!"

Abdussalam. Ga shi na rubuta ma. Ashe suna ne mai daɗi a baki. Ni na zaɓa masa, na raɗa masa yana jinjiri, na hana kaina ɗanɗanarsa har sai da babu kunnen da zai ji.

Yaron ya ce, "Ga ni." Har dutsen gabas sun ji.

Bilya ya kayar masa. Ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Dutse ya sha. Farin takalmin ya tashi daga aiki. Sai da ya ajiye wuƙa ya wanke hannu a bakin rijiya, sannan ya zagaya bayan katanga. Babu wanda ya yi dariya.

Amma riƙon wuƙar nan tasa, tir. Kamar mai riƙe da cokali. Gobe tun kafin kira zan gyara masa hannu.